Yadda Ake Saita kdump a Linux Don Gano Abin da Ya Kayar da Kenel

Saba ta sume cikin dare, ta sake tashi da kanta. Da safe ka buɗe rajistar tsarin, ka tarar layin ƙarshe na ƙarfe biyu da 'yan mintuna ne, layin da ke binsa kuma na farkon tashi ne. Tsakaninsu fayau. Ba wanda ya goge komai. Kenel, wato zuciyar tsarin Linux, shi ne ke rubuta wa kowa a diski, to idan shi ne ya faɗi, wa zai rubuta labarin faɗuwarsa? Shaidar duk tana cikin RAM, sake tashi kuwa wanke ta yake yi tas.

Maganin da Linux ta tanada shi ne kdump, wanda ya shiga kenel tare da kexec (hanyar tayar da wani kenel daga cikin wanda ke aiki) a sigar 2.6.13, shekarar 2005. Tun lokacin tashi ake keɓe wani yanki na RAM, a hana kenel na farko taɓa shi, a loda wani kenel na biyu a ciki yana kwance. Da zarar na farko ya firgita (kernel panic, wato ya ci karo da kuskuren da ba zai iya ci gaba da shi ba), sai a miƙa wa na biyun ragama kai tsaye, ba tare da an bi ta BIOS ba, don kada RAM ta goge. Na biyun yana ganin tsohuwar RAM a matsayin fayil mai suna `/proc/vmcore`, ya kwafe ta zuwa diski ko wata na'ura, sannan ya sake kunna kwamfutar.

Tun kafin mu fara, abu biyu ba aikin kdump ba ne. Idan manhaja ce kawai ta mutu, tsarin yana nan da ransa, wannan sha'anin `kernel.core_pattern` ne. Idan kuma wuta aka ɗauke, batirin UPS ya ƙare, babu kenel na farko balle na biyu. Ka fara tabbatar da cewa ba matsalar wuta ce ke damunka ba.

Mataki na farko: duba kenel, ka saka kayan aiki

Kenel ɗin da ke zuwa da RHEL, Rocky, AlmaLinux, Debian da Ubuntu a shirye yake. Wanda ya haɗa nasa da hannu shi ne zai duba:

```
grep -E 'KEXEC|CRASH_DUMP|PROC_VMCORE|RELOCATABLE' /boot/config-$(uname -r)
```

Kana son ganin `CONFIG_CRASH_DUMP`, `CONFIG_PROC_VMCORE`, `CONFIG_RELOCATABLE` da aƙalla ɗaya daga `CONFIG_KEXEC` ko `CONFIG_KEXEC_FILE` duk da `=y`. Idan Secure Boot na kunne, `CONFIG_KEXEC_FILE` ne zai yi maka aiki, domin tsarin ba zai yarda a loda kenel na biyu ba sai mai sa hannu.

A dangin Red Hat (RHEL, Rocky, AlmaLinux) siga ta 8 da 9, `dnf install kexec-tools`. A Debian, `apt install kdump-tools`. A Ubuntu, `apt install linux-crashdump`, wanda zai jawo sauran. Idan ya tambaye ka ko a kunna kdump, ka amsa da e.

Mataki na biyu: keɓe RAM da crashkernel

Nan ne yawancin mutane ke tuntuɓe, don haka zan ɗan daɗe a kai. Ba a keɓe wannan yanki yayin da na'ura ke aiki. Sai an rubuta shi a layin umarnin kenel, an sake kunnawa. Mafi sauƙin salo shi ne adadi ɗaya:

```
crashkernel=256M
```

Salo na biyu yana duba yawan RAM ɗin na'urar ya zaɓi adadi:

```
crashkernel=1G-4G:192M,4G-64G:256M,64G-:512M
```

Wato daga gigabait 1 zuwa ƙasa da 4 a keɓe megabait 192, daga 4 zuwa ƙasa da 64 a keɓe 256, daga 64 zuwa sama a keɓe 512. Na'urar da RAM ɗinta bai kai gigabait 1 ba, ba a keɓe mata komai. Wannan salon ya fi dacewa ga mai kula da sabobi da yawa masu girma daban-daban, domin layi ɗaya ya wadatar da duka.

Za ka ci karo da `crashkernel=auto` a tsofaffin bayanai na intanet. Ƙarin da Red Hat suka yi wa kenel ɗinsu ne a RHEL 7 da 8, bai taɓa shiga kenel na asali ba, kuma a RHEL 9 an bar shi. Ka rubuta shi a Debian, ba za a keɓe maka ko bait ɗaya ba, ba kuma wanda zai tsayar da kai ya gaya maka. A RHEL 9 abin da ya maye gurbinsa shi ne `kdumpctl get-default-crashkernel` don ganin adadin da aka ba da shawara, da `kdumpctl reset-crashkernel` don maido da shi.

To nawa ne ya isa? Kenel na biyu ƙaramin tsari ne cikakke: yana buƙatar wurin kansa, wurin initramfs ɗinsa (ƙaramin tsarin fayiloli da yake tashi da shi a RAM), wurin direbobin diski da na katin sadarwa, da wurin da makedumpfile, manhajar da ke kwafe vmcore, zai yi lissafin shafukan RAM. Direbobi ne masu cin wuri. Saba mai katin RAID, ko katin sadarwa mai gudun gigabit 10 zuwa sama, ko diski da aka haɗa ta hanyoyi da yawa, za ta iya cinye megabait 256 kafin a kwafi komai. Ubuntu 20.04 ya zo da `512M-:192M`, kuma a kan saba ta gaske wannan 192 ɗin sau da yawa ba ya kai wa. Ra'ayina: a saba mai gigabait 16 zuwa sama, ka fara da 512M. Rowar megabait ɗari biyu ba ta da riba idan ranar da ake buƙata kenel na biyu ya shaƙe. A dangin Red Hat na baya-bayan nan, `kdumpctl estimate` zai ba ka ƙiyasi, amma ƙiyasi ne, gwaji ne mai yanke hukunci.

Akwai kuma batun inda za a yanko yankin. A x86_64, kenel na fara neman wuri a ƙasa da gigabait 4, kuma dole ne wurin ya zama a jere ba a warwatse ba. Idan kana son keɓe babban adadi, ka tura shi sama:

```
crashkernel=1G,high crashkernel=256M,low
```

Ɓangaren `low` na na'urorin da ba sa iya kai hannu sama da gigabait 4 ne. Akwai salon `256M@16M` da ke ƙayyade adireshin farawa. Ka bar shi sai in dole, kenel ya fi ka sanin inda babu kowa.

Yanzu rubutawa. A dangin Red Hat:

```
grubby --update-kernel=ALL --args="crashkernel=512M"
```

A Ubuntu da Debian, ka buɗe `/etc/default/grub.d/kdump-tools.cfg`, ka gyara adadin da ke ciki, sannan `update-grub`. Kada ka ƙara wani `crashkernel` a `/etc/default/grub` ka bar na wancan fayil ɗin. Idan suka zo biyu a layi ɗaya, na ƙarshe ne ke aiki, kuma ba lallai ya zama naka ba.

Sake kunna na'urar, ka duba da idonka:

```
cat /proc/cmdline
dmesg | grep -i crashkernel
cat /sys/kernel/kexec_crash_size
```

Na farko ya nuna abin da ka roƙa, na biyu da na uku su nuna abin da aka ba ka. Idan na uku ya ce 0, ba a keɓe komai ba, ko da kuwa `/proc/cmdline` ya yi kyau. Kada ka wuce wannan matakin sai adadin ya fito.

Mataki na uku: ina za a ajiye, kuma me za a zubar

A dangin Red Hat fayil ɗin shi ne `/etc/kdump.conf`:

```
path /var/crash
core_collector makedumpfile -l --message-level 7 -d 31
failure_action reboot
```

Harafin `-l` na matse fayil da lzo ne. `-c` na zlib ne, ya fi matsewa amma ya fi jinkiri. Lambar da ke bayan `-d` jimillar abubuwan da za a bari ce: 1 shafukan da babu komai sai sifili, 2 da 4 shafukan ajiyar wucin gadi ta fayiloli, 8 bayanan manhajojin masu amfani, 16 shafukan da ba kowa a kansu. Ka haɗa su duka, ka samu 31. Da haka saba mai gigabait 64 za ta iya ba ka fayil ɗin da bai wuce kaso kaɗan na wannan ba. Don bin sawun kuskuren direba ko na kenel, 31 ta isa. Idan wanda zai yi binciken ya ce yana son ganin abin da ke cikin manhajoji, ka cire 8 ya zama 23, ka kuma tanadi wuri. Umarnin `makedumpfile --mem-usage /proc/kcore` zai nuna maka yawan kowane irin shafi a yanzu, ka san girman da za ka shirya wa.

A Debian da Ubuntu duk wannan yana cikin `/etc/default/kdump-tools`: `USE_KDUMP=1`, `KDUMP_COREDIR` don wurin ajiya, `MAKEDUMP_ARGS` don matsewa da lambar `-d`.

Ka yi tunani a kan `/var/crash`. Idan yana kan diski ɗaya da tushen tsarin, faɗuwa uku a jere za su iya cika shi, ka tashi da sabuwar matsala. Idan kuma direban diskin ne ake zargi, ajiya a wannan diskin kamar bai wa kura ajiyar nama ne. A irin wannan hali ka tura zuwa wata na'ura. A `/etc/kdump.conf` na dangin Red Hat:

```
ssh kdump@192.168.10.5
sshkey /root/.ssh/kdump_id_rsa
path /var/crash
core_collector makedumpfile -F -l --message-level 7 -d 31
```

Sai ka gudanar da `kdumpctl propagate` don a kai makullin can. Lura da `-F`: ta ssh fayil ɗin yana fita a wani tsari na shimfiɗe, sunansa `vmcore.flat`, kuma `makedumpfile -R vmcore < vmcore.flat` ne ke maido shi daidai. Idan diskinka a kulle yake da LUKS2, tura wa wata na'urar ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, domin buɗe wannan kullen na iya neman RAM har gigabait guda, abin da kenel na biyu ba shi da shi.

Wannan fayil ba abin yawo da shi ba ne. Ko da `-d 31`, abin da ke hannun kenel yana ciki, har da makullan diski. Ka san wanda kake miƙa wa.

Mataki na huɗu: layin umarnin kenel na biyu

Kenel na biyu na tashi ne a gidan da ba a share ba. Katin sadarwa na nan yana karɓar saƙo, katin diski na tsakiyar aiki, ba wanda ya kashe su. Saboda haka ake ba shi nasa saituna, a `KDUMP_COMMANDLINE_APPEND` cikin `/etc/sysconfig/kdump`, ko `KDUMP_CMDLINE_APPEND` a dangin Debian. Uku ne ginshiƙai. `irqpoll` na taimaka masa ya jure kiran da na'urori ke ta yi alhali direbobinsu ba su tashi ba tukuna. `reset_devices` na gaya wa direbobi su maido da na'ura farko kafin su yi amfani da ita. `nr_cpus=1` na tsayar da shi kan furosesa ɗaya, kuma ya fi `maxcpus=1` tattalin RAM, domin ba ya tanadar wa sauran wuri.

Abin da suka zo da shi galibi daidai ne, ƙari kawai za ka yi, kada ka goge. Wuri ɗaya da ya kamata ka leƙa: kenel na biyu na gadon layin umarnin na farko. Idan ka sa `hugepages` (manyan shafukan RAM da ake keɓewa) mai yawa saboda rumbun bayanai, na biyun zai yi ƙoƙarin keɓe irin wannan adadin a cikin ɗan yankinsa, ya mutu nan take. Red Hat na cire shi ta `KDUMP_COMMANDLINE_REMOVE`. Ka tabbata yana cikin jerin.

Bayan kowane gyara, `systemctl restart kdump` ko `systemctl restart kdump-tools`, sannan:

```
cat /sys/kernel/kexec_crash_loaded
```

Dole ya ce 1. `kdumpctl status` ko `kdump-config show` za su ƙara maka bayani. Idan ya ƙi loduwa, duba `sysctl kernel.kexec_load_disabled`. Wasu ƙa'idojin tsaro na mai da shi 1, kuma da zarar ya zama 1 ba ya komawa sai an sake kunnawa.

Mataki na biyar: yaushe kenel zai firgita

kdump ba ya motsi sai kenel ya firgita. Amma ba kowace cuta ce ke kai shi ga haka ba. Sau da yawa na'ura daskarewa take yi, fanka na juyawa, fitila na ci, ba ta amsa kowa. Saitunan sysctl ne ke mai da irin wannan hali firgici. Ka buɗe `/etc/sysctl.d/99-kdump.conf`:

```
kernel.panic = 10
kernel.panic_on_oops = 1
kernel.unknown_nmi_panic = 1
kernel.hardlockup_panic = 1
```

sannan `sysctl --system`. Waɗannan huɗun zan sa su a kowace saba ba tare da dogon tunani ba. `kernel.panic = 10` na cewa idan an firgita kuma kdump bai karɓa ba, a sake tashi bayan daƙiƙa 10. Idan 0 ne, na'urar za ta tsaya har sai wani ya je ya danna maɓalli. `panic_on_oops` na hana kenel ci gaba da ɗingishi bayan ya yi kuskure a cikin kansa. RHEL na zuwa da shi a kunne, ba kowane tsari ba. `unknown_nmi_panic` kuwa shi ne sandarka ta nesa: idan saba ta daskare, ka shiga iDRAC ko iLO (tsarin sarrafa saba daga nesa) ka aika mata NMI (kiran da furosesa ba ta iya ƙin amsawa), ko ka yi `ipmitool chassis power diag` daga wata na'ura, sai ta firgita, kdump ya kama ta a yadda take. Ba tare da wannan ba, abin da ya rage maka shi ne kashewa da kunnawa, shaida ta tafi.

Sauran kuwa wuƙa ce mai kaifi biyu, domin kowannensu na nufin ka yarda saba ta faɗi don ka sami shaida. `kernel.softlockup_panic = 1` na kayar da ita idan furosesa ta maƙale cikin kenel na daƙiƙa 20, wato ninki biyu na `watchdog_thresh` wanda asalinsa 10 ne. A kwamfutar kwaikwayo (virtual machine) da uwar gidanta ta yi lodi fiye da kima, wannan na iya faruwa ba da laifin kenel ɗinka ba. `kernel.hung_task_panic = 1` na kayar da ita idan wani aiki ya yi daƙiƙa 120 yana jiran diski ko makamancinsa. Na taɓa kunna shi a wata saba mai ajiya ta NFS (ajiyar fayiloli ta hanyar sadarwa), na manta. Wani dare hanyar sadarwa ta yi tangal-tangal na 'yan mintuna, sabar da za ta warke da kanta ta faɗi, na sami vmcore mai kyau wanda bai gaya mini komai ba sai cewa waya ta sami matsala. `vm.panic_on_oom` da `kernel.panic_on_warn` ma haka suke. Ka kunna su lokacin da kake farautar wata cuta takamaimiya, ka rubuta ranar, ka kashe su idan ka kama ta.

Mataki na shida: kayar da ita da gangan

Ganin 1 a `kexec_crash_loaded` na nufin an loda kenel na biyu ne kawai. Ko zai tashi, ko zai ga diski, ko RAM ɗinsa za ta isa, ba mai sani sai an gwada. Ka zaɓi lokacin da ba kowa a kan sabar, ka tsayar da rumbun bayanai, ka tabbata wuta ba za ta yanke a tsakiya ba, ka buɗe allon na'urar ta iDRAC, iLO ko waya ta siriyal. Sannan, a matsayin root:

```
sync
echo c > /proc/sysrq-trigger
```

Za ka ga ana cewa sai ka fara sa `kernel.sysrq` ya zama 1. Wannan saitin na madannai ne kawai, wato Alt da SysRq da c. Rubutu cikin `/proc/sysrq-trigger` ba ya jiran izininsa.

Allon na iya yin baƙi ko ya tsaya cik. Kada ka yi garaje ka kashe, saba mai RAM da yawa na ɗaukar mintuna. Idan ta dawo, ka leƙa `/var/crash`. A dangin Red Hat za ka ga folda mai farawa da `127.0.0.1-` da kwanan wata, a ciki `vmcore` da `vmcore-dmesg.txt`. A Ubuntu sunan foldar lambobin kwanan wata ne, a ciki fayil mai farawa da `dump.` da wani mai farawa da `dmesg.`.

Idan ka tarar da `vmcore-incomplete`, an fara kwafa ba a gama ba: ko wuri ya ƙare a diski, ko RAM ta ƙare wa makedumpfile. Idan babu komai sam, kana buƙatar ganin abin da kenel na biyu ya faɗa kafin ya mutu. Ƙara `console=ttyS0,115200` a layin umarninsa, ka tabbata babu `quiet`, ka sake gwadawa kana kallo ta siriyal. Idan ka ga saƙon ƙarewar RAM, ƙara `crashkernel` da megabait 128 ko 256 ka maimaita. Idan wani direba ne da ba a buƙatarsa ke tsayar da tashin, ka hana shi loduwa da `rd.driver.blacklist=` a dangin Red Hat. A can kuma za ka iya mai da `failure_action` ya zama `shell` na ɗan lokaci, don a sauke ka a allon umarni cikin kenel na biyu ka duba da hannunka. Ka tuna ka maido shi `reboot`, in ba haka ba ranar faɗuwa ta gaske sabar za ta zauna tana jiranka.

Mataki na bakwai: karanta abin da aka kama

Fara da ƙaramin fayil ɗin dmesg. Layukansa na ƙarshe su ne maganar kenel ta ƙarshe: irin kuskuren, sunan aikin da ke gudana, jerin kiran da ya kai ga faɗuwa, da direbobin da ke lode. Sau da yawa sunan mai laifi na nan ƙuru-ƙuru.

Idan bai isa ba, sai manhajar `crash`, wadda Dave Anderson na Red Hat ya kula da ita shekaru da yawa a baya. Tana buƙatar `vmlinux`, wato fayil ɗin kenel, mai alamomin bincike, na sigar kenel ɗin da ya faɗi daidai-wa-daida, ba wanda ke kusa da shi ba. A dangin Red Hat `dnf debuginfo-install kernel-$(uname -r)`, a Ubuntu kunshin da sunansa ke ƙarewa da `-dbgsym`, a Debian mai ƙarewa da `-dbg`. A dangin Red Hat, ga yadda za ka buɗe ta:

```
crash /usr/lib/debug/lib/modules/$(uname -r)/vmlinux /var/crash/<folda>/vmcore
```

A ciki, `sys` zai ba ka taƙaitaccen bayani da saƙon firgicin, `bt` jerin kiran aikin da ya faɗi, `log` dukan dmesg, `kmem -i` yadda aka raba RAM, `ps` ayyukan da ke raye a lokacin. Idan daskarewa kake bincike, `foreach UN bt` zai jero maka duk ayyukan da suka maƙale suna jira da inda kowannensu ya tsaya. A vmcore ɗin gwajinka, `bt` zai nuna `sysrq_handle_crash` kusa da sama, alamar kai ne ka kayar da ita.

Duk lokacin da ka sabunta kenel, ko ka ƙara RAM, ko ka canja katin diski ko na sadarwa, ka sake duba `/proc/cmdline` da `kexec_crash_loaded`, ka kuma maimaita mataki na shida a lokacin gyara na gaba. Ka sauke kunshin alamomin bincike na sabon kenel ɗin a ranar, ka ajiye, domin tsofaffin sigogi kan ɓace daga ma'ajiyar kunshi kafin ka waiwaye su.